Kiran Aiki Ko Tarko? Yadda Kamfanonin Inshora Masu Hawa-Hawa Ke Jan Matasa

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan uwa matasa masu hidima ya gabatar a zaman da matasa suka saba yi bayan sallar Isha'i. Mun ga dacewar mu kawo wa masu karatu shi saboda yawan tambayoyin da ake yi a kan irin waɗannan harkoki. A sha karatu lafiya.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S), da iyalan gidansa da sahabbansa managarta. 

Maudu'in da aka ɗora mani yau shi ne in yi bayani a kan wata hanya ta ɗaukar matasa aiki wadda ta yi ƙarfi a ƙasar Amurka, musamman a harkar sayar da inshorar rai. Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da abin da ake yi a Amurka? Ruwanmu biyu ne. Na farko, muna da 'yan uwa da abokai da suka tafi can karatu ko neman abinci, kuma baƙi irinsu suna cikin waɗanda aka fi yi wa wannan kira. Na biyu, salon da ake amfani da shi a can, shi ne dai aka kwaso ake yi mana a nan da wasu sunaye da wasu hajoji. In mutum ya fahimci yadda abin yake a tushensa, to ko da wace riga ya zo masa zai gane shi. Abin da nake so mu riƙe tun daga farko shi ne: a irin wannan tsari, saurayin da aka kira da sunan za a ba shi aiki, abin da aka fi buƙata a wajensa shi ne mutanen da suka yarda da shi, wato iyayensa da danginsa da abokansa.

MENE NE KASUWANCIN HAWA-HAWA?

Dukkanmu mun san dillali. Ka ba shi kaya ya sayar, ka ba shi la'adarsa, magana ta ƙare. To shi wannan tsari, wanda a nan ake ce masa netwok, ya ƙara wani abu a kan dillanci. Bayan la'adar abin da ka sayar da hannunka, ana ce maka ka kawo wasu mutane su shiga ƙarƙashinka, duk abin da suka sayar kana da kaso a ciki. Su ma su kawo wasu, waɗannan ma kana da kaso a nasu. Haka abin yake ta hawa kamar bene, na ƙasa yana ɗauke da na sama.

A harkar inshora, wanda ya shahara da kafa wannan tsari shi ne wani Ba'amurke mai suna Art Williams, wanda asalinsa mai horar da 'yan wasan ƙwallo ne a makarantar sakandare a jihar Jojiya. A shekarar 1977 ya kafa kamfanin A.L. Williams da mutane 85. Dabararsa ita ce ya ɗauki malaman makaranta da 'yan sanda da sauran ma'aikata su riƙa sayar da inshora a lokacin da suka tashi daga aiki, kowa ya fara da mutanen da ya sani, kowa kuma ya kawo wasu. Ya sayar da kamfanin a 1989, shi ne ake kira Primerica, mai hedkwata a garin Duluth na jihar Jojiya. Wani daga cikin manyan yaransa, Hubert Humphrey, ya ɓalle ya kafa nasa a 1991, wanda kamfanin Aegon na ƙasar Holan ya saya a 2001 aka sa masa suna World Financial Group. Daga nan wasu da dama suka yi ta fitowa a kan wannan salo.

Adalci ya sa in faɗi wani abu a nan. Waɗannan kamfanoni suna da rajista, hajar da suke sayarwa ta gaske ce, akwai iyalan da aka biya su kuɗi bayan rasuwar maigida. Kamfanonin kuma suna musanta cewa suna yaudara, suna da dokoki a rubuce da suka hana wakilansu yin ƙarya. Maganarmu tana kan abin da yake faruwa tsakanin mai kira da wanda aka kira, da dalilin da ya sa ƙorafi iri ɗaya yake ta maimaituwa shekara da shekaru.

MATAKAN DA AKE BI

Mataki na farko shi ne kiran. Saurayi ya gama makaranta, ya sa takardunsa a shafukan neman aiki na intanet, ko yana tsaye yana aiki a kanti. Sai a bugo masa waya, ko wani mai kwat ya tare shi ya ce, "Na ga kana da fara'a da iya magana. Kamfaninmu na harkar kuɗi yana buɗe sabon ofis, muna neman waɗanda za mu horar su zama manajoji." Ku lura da abin da ba a faɗa ba. Sau da yawa ba a ambaton sunan kamfanin, ba a ambaton kalmar inshora, ba a ambaton cewa babu albashi. In ya tambaya, nawa ne albashin? Sai a ce, wannan sai ka zo, maganar ba ta waya ba ce.

Mataki na biyu shi ne abin da aka ce masa intabiyu ne. Ya yi wanka ya sa kayansa masu kyau, ya riƙo takardu. Da ya isa sai ya tarar da ɗaki cike da mutane, ana kiɗa, ana tafi. Ko kuma a haɗa su da yawa ta Zoom. Babu wanda ya duba takardunsa, babu wanda ya tambaye shi me ya iya. Sai a haska majigi, a nuna gidaje da motoci da wuraren shaƙatawa. Wani ya tashi ya ce da shi direba ne, yanzu yana samun kaza a wata. A ce aikin albashi bauta ne, mai albashi yana gina arzikin wani ne, ga dama ta zo ka zama mai gidan kanka. Da yawa daga masu tafin nan 'yan ciki ne, kowa ya rako wanda ya gayyato. Kuma kowa ana ɗaukarsa. To 'yan uwa, wane irin aiki ne wanda ba a taɓa cewa wani bai dace ba?

Mataki na uku, kuɗi. Maimakon a biya shi, shi ne zai fara biya. A Primerica an shafe shekaru ana karɓar dala 99 na shiga, da dala 25 duk wata na amfani da shafin kamfani. Kamfanin ya ce kuɗin shigar na horo ne da binciken mutum da shirin jarrabawa. Ban da wannan akwai kuɗin mai, da kuɗin waya, da kuɗin zuwa babban taro da masauki. A wasu kamfanonin ma wakili da kansa yake sayen sunaye da lambobin mutanen da ake zaton za su saya, a wajen kamfanin da ke da alaƙa da waɗanda suka ɗauke shi. Ko an yi ciniki ko ba a yi ba, kuɗinsa ya riga ya fita. A takardar da ya sa wa hannu kuma an rubuta cewa shi ɗan kwangila ne mai zaman kansa. Ma'ana babu albashi, babu kuɗin asibiti, babu hutu, harajinsa ma shi zai biya da kansa.

Mataki na huɗu shi ne zuciyar al'amarin, don Allah a saurara da kyau. Za a ba shi takarda da biro a ce ya rubuta sunayen mutanen da ya sani, 25 ko 50 ko 100, ya buɗe wayarsa ya kwafo. A ce ya fara da masu aure, masu 'ya'ya, masu aiki, masu gida. Sannan a ce, "Tunda kana koyo ne, kira su ka ce kana neman taimakonsu, za ka zo da mai horar da kai su saurare ku na ɗan lokaci." Wace uwa ce ɗanta zai ce ya sami aiki yana neman taimako ta ƙi buɗe ƙofa? Wane kawu ne zai ƙi? To a dokar Amurka ba a biyan mutum la'adar inshora sai yana da lasisi, shi kuwa bai riga ya ci jarrabawa ba. Saboda haka in kawun ya saya, la'adar ta mai horarwa ce da waɗanda ke samansa. Shi in an yi masa alheri a ba shi ɗan ihsani. Kafin ya sami lasisin, in ma ya samu, an riga an bi mutanen da suka fi yarda da shi. Wato ya shigo da jarinsa guda ɗaya tak da yake da shi, an kashe masa shi a makonnin farko.

Mataki na biyar, rabon la'ada. Bari mu yi misali da lissafi. A ce mutum ya sayi inshorar da zai riƙa zuba dala 100 duk wata, a shekara dala 1,200 ke nan. A irin wannan tsari sabon shiga yakan fara da kamar kashi 25 cikin 100 na zubin shekarar farko, ka ga dala 300. Wanda ke can sama kuwa matsayinsa yakan wuce kashi 100, a ce 110, dala 1,320 ke nan. Kamfani yana iya biyan haka ne saboda yana sa ran mai sayen zai yi shekaru yana zubi. To bambancin da ke tsakani, dala 1,020, shi ake rabawa ga waɗanda ke saman yaron, alhali shi ya sha rana, shi ya san mai sayen. Sannan akwai wani abin da ba a cika faɗa a wajen taro ba. Yawanci ana ba wakili la'adar watanni da dama tun kafin mai saye ya zuba su. In kawun nan ya saya ne don kunya, ya yi wata uku ya daina biya, kamfani zai ce wakili ya dawo da abin da ya rage. Sai ka ga mutum ya bar aiki amma bashi na binsa.

Mataki na shida. Idan sunayensa suka ƙare, ciniki ya tsaya, sai ya je wajen na samansa ya koka. Amsar da zai samu ita ce, "Ai kuɗin ba a sayarwa yake ba, a gina tawaga yake. Kawo mutane." Kowane sabon mutum yana zuwa da sabuwar takardar sunaye 100. A nan ne wanda aka yaudara jiya yake komawa mai yin kiran yau, da kalmomin da aka yi masa, har da ɓoye abin da aka ɓoye masa. In kuwa ya ce zai bari, sai a ce masa rago ne, bai yarda da kansa ba. Tun farko ma an riga an gaya masa cewa duk wanda ya hana shi, ko mahaifinsa ne, mai kashe masa buri ne, kada ya saurare shi.

ME ALƘALUMA SUKA NUNA?

Kada a ce zato muke yi, bari mu duba abin da su da kansu suka bayyana. Primerica kamfani ne da ake sayar da hannun jarinsa a kasuwa tun 2010, don haka dole yake fitar da rahoto. A shekarar 2023 ya ɗauki sababbin mutane sama da 360,000. A cikin wannan shekarar waɗanda suka sami sabon lasisi ba su kai 50,000 ba. Yawan wakilansa masu lasisi kuwa ya tashi ne daga kimanin 135,000 zuwa kimanin 141,000. To a yi lissafi. Mutum 360,000 sun shiga ta ƙofa, gida ya ƙaru da mutum 6,000 da 'yan kai. Ina sauran? Sun fita. Amma da yawansu sun bar kuɗin shiga, sun bar takardar sunaye. Matsakaicin abin da kamfanin yake bayyana cewa wakili mai lasisi ya samu a waɗannan shekaru bai kai dala 10,000 a shekara ba, kafin a cire abin da ya kashe. Wannan a Amurka ko kuɗin hayar gida bai cika isa ba. Kuma matsakaici ne, an haɗa na manyan da ke samun dubban ɗaruruwa da na ƙananan, aka raba daidai a takarda.

A watan Satumba na 2024 ma'aikatan hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, sun fitar da rahoto bayan sun duba takardun bayanin samu na kamfanonin hawa-hawa guda 70 masu sayar da kaya iri-iri. Suka ce mafi yawan waɗanda ke ciki suna samun dala 1,000 ko ƙasa da haka a shekara, da yawa kuma ba sa samun ko sisi, sannan takardun sukan ɓoye kuɗin da mutum ke kashewa. Kafin nan, a 2018, gidauniyar AARP ta yi bincike a kan waɗanda suka taɓa shiga irin wannan harka, ta samu cewa kashi 47 cikin 100 asara suka yi, kashi 27 ba riba ba asara, kimanin kashi ɗaya bisa huɗu ne kawai suka ga riba.

Ko babu rahoton kowa ma, lissafin firamare ya isa. A ce kowa zai kawo mutum 5. Hawa na farko 5, na biyu 25, na uku 125, na huɗu 625. A hawa na goma an kusa miliyan 10. A hawa na goma sha biyu ana buƙatar mutum miliyan 244, fiye da mutanen Nijeriya gaba ɗaya. A hawa na goma sha biyar ana buƙatar fiye da duk mutanen duniya. Kuma a kowane lokaci ka tsayar da lissafin, kimanin mutum huɗu cikin biyar suna hawan ƙarshe ne, babu kowa a ƙarƙashinsu. Ku kwatanta da adashin da iyayenmu mata ke yi. A adashi mutum goma ne, kowa ya zuba, kowa ya san ranar kwasarsa, na ƙarshe zai kwashi daidai da na farko. A wannan kuwa na ƙarshe ba shi da ranar kwasa sai ya samo wanda zai zama na ƙarshe a madadinsa.

ME YA SA HUKUMA BA TA HANA BA?

A 1979 hukumar FTC ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Amway cewa tsarin hawa-hawa bai saɓa doka ba matuƙar ana sayar da kaya na gaske ga masu saye na gaske. Tun daga lokacin kamfanoni suke fakewa da wannan hukunci. Hukumar takan kama wasu. A 2016 kamfanin Herbalife ya amince ya biya dala miliyan 200 ya kuma sauya tsarinsa. A 2019 AdvoCare ya biya dala miliyan 150, aka kuma hana shi tsarin hawa-hawa. Sai dai waɗannan masu sayar da kayan gina jiki ne. Inshora kuwa, tun wata doka ta 1945, kulawa da ita tana hannun jihohi ne, kowace jiha da hukumarta da lasisinta. Su kuma waɗannan hukumomi sun fi sa ido a kan abin da aka gaya wa mai saye, fiye da abin da aka gaya wa wanda aka kira aiki. Duk da haka, a ƙarshen 2021 FTC ta aika wa kamfanin dillancin inshora na Family First Life takardar gargaɗi a kan iƙirarin samun kuɗi da ake yaɗawa don jan mutane. Wata matsalar ita ce, ƙaryar da baki ake yin ta, a ɗaki ko a waya. In magana ta tashi sai kamfani ya ce wakili ne ya yi gaban kansa, ga dokarmu a rubuce.

INDA ABIN YA SHAFE MU

Masu wannan harka sun gane cewa babu inda kiransu yake saurin yaɗuwa kamar cikin jama'ar da suka yarda da juna. Shi ya sa a Amurka da Kanada suke shiga cikin baƙi, 'yan Sin da 'yan Filifin da 'yan Afirka, ta wuraren ibada da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya. Baƙo bai san dokar ƙasa sosai ba, amma ya san ɗan garinsu, in ya gaya masa magana zai ɗauka. Duk mai ɗan uwa a can ya isar masa da wannan bayani. Haka nan in wani ya tuntuɓe ka kana zaune a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya ce zai sa ka sayar da inshorar Amurka ta waya, ka tuna lasisin na jiha-jiha ne a can, ka tambaye shi da wane lasisi za ka yi.

A nan gida kuwa hajar ce take canzawa, wani lokaci magani, wani lokaci agogo, wani lokaci ma babu haja. Mun ga MMM da ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016, mun ga CBEX da ta ruguje a watan Afrilu na 2025. Waɗannan sun fi muni, domin kuɗin na baya kawai ake ba na gaba. Amma ta yaya suka yaɗu? Ta bakin aboki da ɗan uwa. A Ghana da Nijeriya jami'an tsaro sun sha kuɓutar da matasan da aka kira daga nesa da alkawarin aiki da sunan QNET, aka karɓe kuɗinsu, aka ajiye su a gida ana sa su kiran danginsu, duk da kamfanin yana cewa ɓata-gari ne ke amfani da sunansa. Ku duba matakan: kiran aiki, taro, kuɗin shiga, takardar sunaye, kawo wasu. Su ne dai ba a canza ba.

To mu da muke zama irin wannan, muna sallah tare, muna cin abinci a kwano ɗaya, muna kiran juna 'yan uwa, a idon mai wannan harka mu babbar kasuwa ce. Mutum ɗaya kawai yake buƙata a cikinmu, sauran za su biyo don yarda. In abin ya rushe, shi ya tafi, mu za a bari da gaba da juna.

A MA'AUNIN ADDINI

Ni ɗalibi ne, fatawa ta malamai ce. Game da ita kanta inshorar kasuwanci malamai sun yi saɓani. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke a 1985 cewa ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, ta ce a koma ga ta taimakekeniya, wato takaful, wadda aka fara kafa kamfaninta a Sudan a 1979. Akwai kuma malaman da suka halatta. Kowa ya koma wa malamin da yake bi. Amma yaudara babu wanda ya yi saɓani a kanta.

Dillanci halal ne, la'ada halal ce, in an bayyana komai. Mun karanta a Islamiyya cewa in za a ɗauki mutum aiki, dole aikin ya zama sananne, ladan ma sananne. Wanda ya ce maka albashi alhali la'ada ce, ya ce maka manaja alhali talla ce, ya rushe wannan sharaɗi tun daga kiran waya. Mun kuma san ƙissar mai sayar da hatsi a kasuwar Madina, wanda ya sa busasshe a sama ya bar jiƙaƙƙe a ƙasa, har Manzon Allah (S) ya cusa hannunsa ya gano, ya tsawatar masa a kan algus. Mutumin nan ɗaya da aka tsayar a gaban taro da makullin mota shi ne busasshen da ke sama. Dubban da suka shiga suka fita ba su ga komai ba su ne jiƙaƙƙen da aka rufe. Akwai kuma abin da malaman fiƙihu ke kira najashi, mutum ya riƙa taya kaya ba don zai saya ba, don dai ya zuga na kusa da shi. Duk wanda ya zauna a ɗakin taro yana tafi yana kururuwa don baƙon da ya gayyato ya ɗauka kowa na samu, alhali ya san aljihunsa babu komai, ya tambayi kansa da me ya bambanta da mai najashi.

Sannan lambar wayar gwaggonka da ke hannunka amana ce. Ta ba ka ne don zumunci. In ka miƙa ta ga wanda zai je ya matsa mata da talla, ka ci wannan amana, ko da niyyarka ta alheri ce.

TAMBAYOYIN DA ZA KA YI

In an kira ka, ga tambayoyi shida, ka yi su kafin ka taka ƙafa. Ɗaya, mene ne cikakken sunan kamfanin, me yake sayarwa, wace hukuma ta ba shi lasisi? In inshora ce a Nijeriya, hukumar ita ce NAICOM, ana iya bincikawa. Biyu, albashi ne ko la'ada, in albashi ne nawa, a rubuce? Uku, nawa zan biya kafin in fara, nawa kuma duk wata? Huɗu, za a nemi sunayen dangina? In sun saya kafin in cancanci la'ada, wa zai karɓa? Biyar, in mai saye ya fasa, za a bi ni bashi? Shida, kai da ka kira ni, me za ka samu in na shiga, kuma cikin mutum goma da ka kawo bara nawa ne suke nan?

Mai gaskiya zai amsa waɗannan a cikin minti biyar. In ka ji ana ta kewaye-kewaye, ana cewa sai ka zo, ko guraben sun kusa cika, ko ka biya yau kafin dama ta wuce, to ka yi sallama ka tafi. Kada kuma ka sa hannu a ranar da aka yi maka bayani. Ka kwana, ka yi shawara da mahaifinka ko malaminka ko wani ɗan kasuwa da ya daɗe a kasuwa.

Wanda kuma ya riga ya shiga, kada a yi masa dariya, kada a mai da shi abin nuni. Rashin aiki ne ya kai shi, da son ya tallafi iyayensa, kuma waɗanda suka tsara abin sun fi shi sanin yadda ake magana da mai buƙata. Abin da ake so gare shi shi ne ya ɗauki littafi ya rubuta duk abin da ya kashe da duk abin da ya samu tun ranar farko, har kuɗin mota da na kati. Ya raba abin da ya rage da awannin da ya ɓata. In ya ga asara ce, ya tsaya a nan. Kada ya ce sai ya mayar da kuɗinsa, domin hanyar mayarwa ɗaya ce, ita ce ya jefa wani ɗan uwan a ramin da ya faɗa. Waɗanda ya riga ya kawo kuma, ya je ya gaya masu gaskiyar lissafin, ya nemi afuwarsu.

Mu kuma sauran akwai abin da ya hau kanmu. Wanda ke da sana'a a cikinmu, tela ne ko kafinta ko mai gyaran waya ko mai walda, ya ja ƙaninsa ɗaya ya koya masa. Saurayin da ke da abin yi da safe ba ya saurin amsa kiran mai kwat. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Allah Ya ba mu halaliyarmu, Ya sa mata albarka, Ya tsare mu daga cutar da wani ko a cuce mu. In akwai tambayoyi za mu saurara bayan addu'a, insha Allahu.